Tatsuniya, Yara da Maganar Muhalli: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da iyaye da malaman firamare da matasa masu son rubuta wa yara littafi suka fi yi mini, daga nan Kebbi da wajen maƙwabtanmu na Zamfara. Wasu na taƙaita su, wasu na bar su yadda aka yi su.

Malam, wai mi ya haɗa tatsuniya da muhalli? Ba labarin Gizo da Ƙoƙi ba ne kawai?

Ai tun asali a haɗe suke. Ka tuna inda ake yin abubuwan cikin tatsuniya, bakin gulbi ne, gindin kuka, tsohuwar rijiya, gona, ƙungurmin daji. Kuma ka lura da yadda labaran Gizo da yawa ke farawa, wai wata shekara aka yi fari aka shiga yunwa, Gizo ya fita yawo ya samu wani abin ci a ɓoye, aka gindaya mashi sharaɗi, ɗauki kaza ka bar saura, ko kada ka dawo sai an kwana biyu, shi kuma da haɗama ya koma da buhu ya kwashe duka, daga nan abin ya ƙafe ko ya juyo kanshi. To mi masana ke faɗa yau game da daji da kifi da ruwan ƙasa in ba wannan ba? Kakanninmu ba su ce ma abin muhalli ba, amma sun san wanda ya ci iri ba shi da na shuka.

To don mi sai an sa dabba ta yi magana ko icce ya yi tafiya? A gaya wa yaro gaskiya mana kai tsaye.

Gwada ka gani. Zaunar da ɗan shekara 7 ka ce mashi hamada na kwararowa daga arewa saboda sare itatuwa da ƙarancin ruwan sama, kafin ka kai ƙarshe ya fara wasa da yatsun ƙafarshi. Ba laifinshi ba ne, abin a hankali yake tafiya, ko babba sai ya shekara ashirin a wuri kafin ya ce kai, da can nan wurin duhuwa ce.

Aikin almara shi ne ta tattaro shekara talatin ta zuba cikin dare guda, kuma ta ba abin da ba shi da baki baki. Ɗauki gawo. Duk manomin ƙasar Arewa ta nan Kebbi, wajen Kangiwa, ya san halin gawo, da damina lokacin da kowane icce ke kore shi sai ya kakkaɓe ganyenshi ya tsaya tsirara, da rani kuma lokacin da kowa ya bushe sai ya yi kore shar. Ganyen da ya zubar taki ne, kuma tunda ba shi da inuwa da damina ba ya tauye gero, shi ya sa za ka ga hatsin gindinshi ya fi na gefe kyau, 'ya'yanshi kuma dabbobi ke ci lokacin da ciyawa ta ƙare. Yanzu ka mai da shi wani tsoho mai taurin kai da ke tuɓe rigarshi duk damina, sauran itatuwa suna mashi dariya suna cewa ya haukace, ba su san gero yake lulluɓa wa ba. Wata rana mai gona ya gaji da ƙayarshi ya sare shi. Shekara ta zagayo rumbu bai cika ba. Yaron da ya ji wanga labari ba sai ka ce mashi kada ka sare gawo ba, shi zai tare babanshi da tambaya.

Dokar da nake bi guda ce. Ƙaryar ta tsaya wajen cewa gawo ya yi magana, amma abin da ke samun gona bayan an sare shi ya zama gaskiya tsantsa wadda manomi zai ji ya gyaɗa kai.

Ni uwa ce, ina tsoron koya wa ɗiyana ƙarya ko abin da zai taɓa imaninsu. Ya halatta?

Hajiya, fatawa ta malamai ce, ki tambayi malamin da kika yarda da shi. Abin da zan iya cewa shi ne tatsuniya ba ta taɓa cewa ita gaskiya ce ba. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, yara sun amsa ta zo mu ji ta, kowa ya san an buɗe ƙofar wasa, a ƙarshe kuma a rufe da ƙurunƙus, har mai bayarwa ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta shirga. Yaro ɗan shekara 5 ya san kura ba ta zuwa kasuwa.

Inda nake jan kunnen marubuta wuri biyu ne. Kada a cakuɗa ƙissa da tatsuniya. Maganar tururuwa da Annabi Sulaimanu (AS) da labarin alhudahuda cikin Suratun Namli ba almara ba ne, a ba da su daban da ladabinsu. Sannan kada labari ya nuna yaro na roƙon icce ko yana yi wa ruwa yanka har buƙata ta biya. Icce ya yi magana, ya yi fushi, ya yi ƙaura, duk wannan wasa ne, amma biyan buƙata na Allah ne. In kina son abin ɗorawa bayan labari, ga hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa icce ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi.

Da can tsoron aljanun tsamiya da kuka ne ya hana a sare su. Mu dawo da tsoratar da yara kenan?

Gaskiya tsoron ya yi aiki, shi ya sa har yau za ka shiga tsohon kufai ka iske gidaje sun rushe amma kukoki na tsaye. Sai dai tsoro ba ya jure yunwa. Ranar da saurayi ya ga an kawo inji mai sarƙa an kwantar da tsamiyar da aka ce tana da mutanen ɓoye, mai injin ya karɓi kuɗinshi ya hau babur lafiya lau, daga ranar shikenan, ba tsamiyar kaɗai ta faɗi ba har da duk abin da kakarshi ta gaya mashi.

Ni na fi son a dubi Argungu. Ruwan Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi, ba a kama kifi a cikinshi yadda aka ga dama, a rufe yake sai lokacin da aka buɗe, akwai Sarkin Ruwa, akwai masu tsaro, kuma ranar biki da homa da gora ake shiga. Saboda an bar kifi ya huta shi ya sa ake fiddo giwan ruwa wanda sai ƙarti sun taru su ɗaga. Bikin a yadda aka san shi yanzu ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan doguwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, kuma UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2016. Wannan hani ne da yaro zai ga amfaninshi da idonshi. Labarin wani tsohon giwan ruwa da ke riƙe da alkawari tsakanin kifaye da Kabawa, da wani mai kwaɗayi da ya shigo da dare da maganin kashe kifi, wallahi ya isa littafi guda, kuma ba sai an firgita kowa ba.

A Zamfara muke. Yaranmu in an ce daji ba zomo ke faɗo masu a rai ba, 'yan bindiga ne. Ta yaya za a rubuta masu labarin son daji?

Wagga tambaya ta fi kowace nauyi, kuma ba ni son in amsa ta da gaggawa. Akwai yara a Gusau da Talata Mafara da Anka da aka haifa cikin wanga hali, wasu an taso da su daga ƙauyensu da dare, ba su taɓa zuwa tsinkar kanya ko magarya ba, ba su taɓa bin kiwo ba. In ka zo masu da littafi mai cewa yara ku shiga daji ku sha iska, sun san ba ka san komi ba, iyayensu ma sai su ɓoye littafin.

Shawarata, fara da abin da ke cikin gari. Darbejiyar ƙofar makaranta, zogalen bayan ɗaki, ƙadangaren katanga, kududdufin unguwa da leda ta cika, akuyar da ta ci leda ta kumbura ta mutu, wannan ai kowane yaro ya gani. Muhalli ba sai an je dajin Kuyambana ba.

Dajin kuma kada a share shi daga labari, don in muka yi shiru yaran za su girma suna ganin daji maƙiyi ne, wanda duk ya ce a ƙone shi ko a sare shi kaf su ce madalla. A nan ne almara ta fi labarin gaskiya amfani. Kana iya nuna dajin shi ma an mamaye shi, namun ciki sun yi gudun hijira kaman yadda mutane suka yi, barewa ta bar gidanta, zabi sun watse, wata tsohuwar kunkuru ta iso bayan gari da ƙunshinta tana neman wurin kwana, ta haɗu da yarinyar da ita ma baƙuwa ce a garin. Ba ka ambaci bindiga ba, ba ka kira sunan wata ƙabila ba, kuma don Allah kada ka kira, yaran Fulani da na Hausawa aji guda suke zama su karanta. Amma yarinyar da aka taso daga ƙauyensu za ta gane, za ta ji an san da ita.

Maganar gubar dalma fa? Ba ta yi wa yara nauyi ba?

Ai yara ta kashe, su ya fi kamata su sani. A 2010 ne likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF suka lura ƙananan yara na mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, ana ta jijjiga ana tafiya, da aka bincika sai aka gano duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa cike suke da dalma. Ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma sai 2013 aka samu aka yi nata aikin. Kuma har yau ana haƙar zinariya.

Dalma ba ta wari, ba a ganinta cikin ƙura, to ka ga ta dace da Dodo fiye da duk wani abu, Dodon da ke kwance cikin dutse ba ruwanshi da kowa sai an daka shi an tashe shi, ya bi rigar uba ya shigo gida. Amma labarin ya fito da abin yi ƙarara, ba a daka dutse a gida, ba a niƙa shi da injin hatsi, wanda ya dawo daga wurin haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki yaro, a wanke hannu kafin a ci abinci. Kuma kada a mai da uban mugu. Mutum ne da noma bai riƙe shi ba ya tafi neman na cefane, kuma ɗanshi ne ke karanta littafin.

Turawa sun rubuta irin waɗannan littattafai da yawa, mu fassara kawai mana.

A fassara, ba laifi, yaro ya san duniya na da faɗi. Amma yaron Jega da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin kular mai zoɓo, in ka ce mashi ƙanƙarar ƙarshen duniya na narkewa, zai tausaya ya wuce, ya ɗauka matsalar ta wasu ce. Ce mashi ambaliyar 2020 da ta shanye shinkafar fadamun Kebbi, wannan ko ya gani ko an ba shi labari a gida.

Waɗanne dabbobi ya kamata a sa? Kullum zaki da kura, yaran ma ba su taɓa ganinsu ba.

Zaki da kura da dila su zauna, gadonmu ne. Amma a ƙaro waɗanda ke ɓacewa muna kallo. Ina ungulu? Duk wanda ya haura shekara arba'in ya san yadda suke cika mahauta da kan rumfunan kasuwa, yanzu sai ka yi wata da watanni ba ka ga guda ba, an ƙarar da su da guba da kamun masu sayar da sassansu don tsibbu, har masana sun sa irin tamu ta cikin gari a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa tun 2015. Kuma ita ce mai kwashe mushe kafin ya ruɓe ya jawo cuta. Tatsuniya ta daɗe tana yi mata dariyar sanƙo da ƙazanta, lokaci ya yi da wani zai rubuta ranar da ungulu ta yi fushi ta bar gari, a ga wa zai kwashe.

Akwai shamuwa mai zuwa gabanin damina ta yi sheƙa a tsakiyar gari ba mai taɓa ta. Akwai ayu da dorina a ruwan Yawuri. Akwai mikiyar dutsen Kwatarkwashi. Mai rubutu ya je ya zauna da masunta da mafarauta da makiyaya, su suka san abin da dabbar ke ci da lokacin da take haihuwa, kada ya zauna a ɗaki ya sa shamuwa ta zo da hunturu.

Mi ne ne kuskuren da masu irin wanga rubutu suka fi yi?

Wa'azi. Shafi na biyu ba a kai ko'ina ba, kunkuru ya gyara murya ya fara jawabi kan muhimmancin dashen itatuwa kaman wani kwamishina. Yara na ganewa nan take, su rufe. In labarin bai sa su dariya ko faɗuwar gaba ba, in ba waƙar da za su amsa a tsakiya, to darasi ka rubuta.

Wanda ya fi ba ni haushi kuma shi ne a bar tsafi ya gyara komi. An sare daji kaf, yarinya ta yi kuka, hawayenta ya ɗiga, da safe itatuwa sun dawo. To mi yaro ya koya? Cewa ɓarna ba ta da tsada. Alhali ga ƙarshe na gaskiya nan kusa da mu, a ƙasar Maraɗi, inda tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututture, su zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi su rage saura, abin da suke ce ma sassaben zamani. Da haka aka dawo da itatuwa kusan miliyan 200 a Nijar ba tare da an dasa su ba. Saiwar na nan da rai a ƙarƙashin gona tana jira a daina sassabe ta. Dajin da ya ɓuya cikin ƙasa yana jiran yaron da zai gane shi, kai, wace almara ta fi wannan, kuma ga shi gaskiya ne.

Sai kuma zagin mai icce. Uwar yaron da icce ko gawayi take dafa tuwo, gas ya fi ƙarfinta. In ka ce duk mai saran icce azzalumi ne ka zagi gidan su mai karatu. Bambanta mai sassaƙar reshe da mai tayar da kirya ko ɗorawa daga tushe ya loda tirela.

Da gaske labari na iya hana sare icce ko guda?

Shi kaɗai a'a. Tun 2007 ƙasashen Afirka suka amince da shirin nan na ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, Kebbi da Zamfara na cikin jihohi 11 da abin ya shafa a Najeriya, kuma kowa ya ga yadda ake dasa icce ranar biki a ɗauki hoto, bayan sati biyu awaki sun gama da shi. Abin da ya ɓace shi ne mai ban ruwa da mai kewayewa da ƙaya. Labari na iya samar da wanga mutum, in malami ya haɗa shi da aiki, kowane aji da iccensu da sunan da suka raɗa mashi daga cikin labarin.

Ana iya taɓa manyan abubuwa irin su dam?

Ga 'yan aji biyar da shida, sosai. Da aka gama dam ɗin Kainji a 1968 ruwa ya haɗiye tsibirai da garuruwa, aka tashi dubban mutane, cikinsu har da Gungawan ƙasar Yawuri. Gari a ƙarƙashin ruwa, da kasuwarshi da kukokinshi, yaro ya nutsa ya iske kifaye na zaune a zauren kakanshi, wa zai ƙi karanta wannan? Dam ɗin Bakolori na Zamfara ma da aka gama a 1978 ya kawo noman rani, amma ya rage ruwan da ke malala fadamun da ke ƙasa da shi. Irin wannan ba a cewa ga mai kirki ga mugu, wani ya samu wani ya rasa, kuma ɗan shekara 11 ya isa ya riƙe biyun.

Da wace Hausa za a rubuta, kuma ta ina zai kai ga yaran tunda duk sun koma waya?

Bayanin labari a yi shi da daidaitacciyar Hausa don makaranta ta karɓa, amma bakin mutanen ciki a bar su su yi irin tamu, tsohuwa ta ce mi kaka so, wanga yaro ya cika ƙiriniya. Gizo kuma a bar mashi tsamin bakinshi. Kebbi ba Hausa kaɗai ba ce, wanda ya iya Dakarci ko Zabarmanci ko Fulatanci ya rubuta da su, tatsuniyoyinsu ma na tafiya da tsofaffi.

Ga 'yan ƙasa da shekara 7 shafi 12 zuwa 16 ya isa, hoto babba, layi biyu ko uku, da waƙar da ke dawowa. Mai zane ya zana kuka ta yi kama da kuka, ba wani icce mai kan lema da ya kwafo daga intanet ba.

Buga littafi da launi akwai tsada, kada wannan ya tsayar da kai. Karanta labarin da muryarka, minti biyar zuwa bakwai, ka tura ta WhatsApp ga iyaye mata da malaman Islamiyya, murya ba ta cin data kaman bidiyo kuma ko wadda ba ta yi boko ba za ta kunna wa ɗiyanta bayan isha'i. Kai wa gidan rediyon jiha, suna da filin yara kuma sau da yawa abin sawa suke nema. Kafin duk wannan tara yara biyar na unguwa ka karanta masu, inda suka fara tsokanar juna ka sa alama da biro, wurin ne za ka yanke.